Aikin gida na ƴan firamare: nawa ya dace, kuma mene ne rabon uwa a ciki?

Tambayar ta zo ne daga wata uwa a unguwar Zariya da ke cikin birnin Maraɗi. Ta ce tana da ɗa a aji na uku, wato CE1, da ƴa a aji na shida, wato CM2, kuma kusan kullum suna dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, da aikin gida. Ƙaramin yakan kai har bayan sallar isha'i yana kuka a kan kaye, wato littafin rubutunsa, daga ƙarshe yayarsa ta karɓa ta rubuta masa don a samu a kwanta. Ita ba ta yi lakwal ba, Islamiyya ta yi, mai gidan kuma ɗan kasuwa ne da ba ya shigowa da wuri. Maƙwabta suna ba ta shawarar ta ɗauki malamin da zai riƙa zuwa gida. Tana son ta san yawan aikin da ya dace da yaro mai waɗannan shekaru, da abin da uwa irinta za ta iya yi.

Malama, Allah ya raya miki su, ya sa albarka a karatunsu. Na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in koma aikin zagaya makarantu ina duba yadda malamai ke ba da darasi, kuma wannan kuka naki na ji shi daga bakin iyaye da yawa, a birni da ƙauye. Zan fara da abin da na fi tabbata da shi. Yaron da ke CE1 bai kamata ya wuce minti 20 zuwa 30 a kan aikin gida ba, kuma idan aikin yana kaiwa ga hawaye kowane dare, to akwai abin da ya karkace: ko aikin ya yi yawa, ko ana yin sa a lokacin da yaron ya riga ya gaji, ko kuma bai gane darasin ba tun a cikin aji. Rashin jin Faransancinki ba ya cikin waɗannan dalilai, kuma mafi yawan abin da yaro ke buƙata daga gida ba ya neman uwa ta san harshen.

Wannan ma'auni ba ra'ayina kaɗai ba ne. Wani masani ɗan Amurka, Harris Cooper na jami'ar Duke, ya tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan aikin gida, ya fitar da sakamakon a 2006, inda ya nuna cewa amfanin aikin gida a bayyane yake ga ɗaliban sakandare, amma ga ƴan firamare alaƙarsa da cin jarrabawa kaɗan ce ƙwarai. Ƙungiyoyin malamai da na iyaye a can suna bin ƙa'idar minti 10 ga kowace shekarar karatu: minti 10 ga ɗan aji ɗaya, minti 20 ga ɗan aji biyu, har ya kai awa guda a aji na shida. Idan muka ɗora ta a kan tsarinmu, ɗan CI, wato aji ɗaya, yana da minti 10, ɗan CE1 minti 30, ƴar CM2 kuma awa ɗaya, wannan kuwa iyaka ce da ba a so a wuce, ba wajibi ne da sai an cika ba. Faransa, wadda daga gare ta muka gaji tsarin makarantunmu, ta hana ba ƴan firamare aikin gida na rubutu tun 1956, ta bar karatu da haddace darasi kawai, ko da yake malamanta da yawa ba su daina bayarwa ba. Ƙasar Sin ma a 2021 ta hana aikin rubutu ga aji ɗaya da aji biyu, ta ƙayyade wa sauran azuzuwan firamare abin da bai wuce awa guda ba.

To me ya sa malaman namu suke cika wa yara kaye? Ba mugunta ba ce, kuma ina so ki san dalilan don ki je wurin malamin da tausayi. Ajin da ke da yara saba'in ko fiye, malami ɗaya ba zai iya bin kowane yaro ya ga abin da ya rubuta ba, sai ya tura saura gida. A makarantun da ke da azuzuwan zana, karatu ba ya kankama a watan Oktoba yadda aka tsara, domin sai an gama girbi an sami kara an kafa rumfuna, sannan da ruwan farko ya sauka a tashi, don haka malami yana tsere da lokaci don ya gama manhaja. Akwai kuma laifinmu mu iyaye: a makarantun kuɗi musamman, uba yakan auna nagartar makaranta da yawan shafukan da ɗansa ya dawo da su, idan bai ga aiki ba ya ce ba a koyar da komai, malami kuwa yana tsoron a cire yaro a kai wani wuri. A haka ake samun aikin da ba don yaro aka ba da shi ba, don idon uba aka ba da shi.

Aikin gida mai kyau a firamare maimaici ne na abin da aka riga aka koya, ɗan kaɗan, wanda yaro zai iya yi da kansa. Ke kin san wannan tsari fiye da yadda kike zato, domin shi ne tsarin da kika bi a Islamiyya: malam ya biya miki, ki dawo gida ki yi ta maimaitawa har ya zauna, gobe ki kawo ya ji, idan bai zauna ba ba za a ƙara miki ba. Ba a taɓa ce wa ɗalibi ya je gida ya ƙaro wa kansa sabon karatu ba. Haka aikin lakwal ya kamata ya kasance. Duk ranar da yaro ya zo da abin da bai taɓa ji a aji ba, wannan darasi ne da malami ya kamata ya koyar, ba aikin gida ba ne, kuma ba nauyinki ba ne ki nemo mai koya masa shi cikin dare.

Yanzu mu zo ga ɗanki, domin a nan nake zaton matsalar take. Yaron CE1 da ke kuka a kan aikin da sa'o'insa ke gamawa cikin rabin awa, abu na farko da nake dubawa shi ne ko ya iya karatu. Kada ki ji kunyar wannan tambaya, domin ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani gwaji da ake kira PASEC, wanda ake yi wa ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A gwajin 2014, cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A gwajin 2019 an sami ci gaba sosai, amma duk da haka kimanin uku ne cikin goma. Ma'anar wannan ita ce yara da yawa suna haurawa daga aji zuwa aji suna kwafar abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, suna rera darasi tare da jama'a, alhali idan aka ware yaro shi kaɗai aka nuna masa layi ɗaya ba zai iya fitar da shi ba. Irin wannan yaro ko umarnin da ke saman aikin ba ya iya karantawa, to ina zai san abin da ake nema a gare shi?

Za ki iya gano gaskiyar lamarin a tsakar gidanki ba tare da kin san harafi ɗaya na Faransanci ba. Ki zaunar da shi a gefenki, ki ce ya buɗe littafin karatunsa a shafin da suka yi makon jiya, ya karanta da ƙarfi yana bin kalmomin da yatsa. Ki lura da idonsa da yatsansa. Wanda ya haddace, bakinsa yana gudu, idonsa yana yawo, yatsan kuma ba ya tafiya daidai da muryar. Sai ki rufe hoton da ke shafin da tafin hannunki, ki ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layi na ƙarshe, ki ce ya faɗa miki ita kaɗai. Idan ya koma farkon shafi yana rerowa a hankali har ya iso wurin, hadda ce. Bayan haka ki sa yayarsa ta buɗe masa shafin da ba su kai ba, ta duba agogon waya, ta ƙidaya kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Masana karatun yara sun yi kiyasin cewa sai yaro yana karanta kalmomi 45 zuwa 60 a minti kafin ya iya riƙe ma'anar jimla, domin wanda ke tsintar haruffa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Ba a sa ran ɗan farkon CE1 ya kai can tukuna, amma idan bai wuce kalmomi biyar ko goma ba, ko kuma haruffan kansu suna ruɗa shi, to a ajiye maganar gama aikin gida, a koma gina karatu.

Gina karatun kuwa minti 10 zuwa 15 ne kowace rana na karantawa da ƙarfi, daga abin da ya fi sauƙi, ko da littafin CP, wato aji biyu, ne za a aro daga maƙwabta. A fara da haɗa baƙi da wasali, a je ga gajerun kalmomi, a maimaita shafi ɗaya sau biyu ko uku har harshensa ya saki. Yayarsa ce za ta riƙa gyara masa furuci, kuma akwai wuraren da yaran Hausawa suka saba tuntuɓe da ya kamata ta sa musu ido: bambance p da f, bambance b da v, da haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa amma ba a furtawa. Waɗannan ba alamun daƙiƙanci ba ne, sautuka ne da kunnen yaro bai saba rarrabewa ba, kuma da maimaici suke zama.

Rabonki a nan ya fi na kowa girma. Idan ya gama karanta ɗan labari, ki ce masa: "To faɗa mini da Hausa, me aka ce?" Wane ne a cikin labarin, ina ya je, me ya same shi, me ya sa? Yaron da ya iya mayar miki da labari cikin harshensa ya gane shi, wanda kuma ya yi shiru ko ya sake rero Faransancin, sauti kawai ya fitar. Wannan tambaya guda ta fi amfani a kan shafi uku na kwafi. Yaranmu suna ɗauke da kaya biyu a lokaci ɗaya, koyon karatu da koyon harshen da ba a yi da shi a gida, shi ya sa tun 1973 aka fara gwada makarantun da ke soma koyarwa da harshen uwa a ƙasar nan, kuma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da malamai suka daɗe da lura da shi shi ne, yaron da ya cika da magana a harshensa, wanda ake yi wa tatsuniya da kacici-kacici, ake tambayarsa ra'ayinsa, ake barinsa ya ba da labari daga farko har ƙarshe, shi ne ke saurin fahimtar rubutu a kowane harshe. Don haka hirar da kike yi da shi kina tankaɗe ko kina tsintar shinkafa tana cikin karatunsa.

Lissafi ma haka ne, har ma ya fi sauƙi a gare ki, domin lamba ba ta da ƙabila. Ki tara masa murafen kwalba ko tsakuwa a cikin gwangwani, ki sa ya riƙa kasa su goma-goma, ya ɗaure tsinkaye goma ya zama ƙulli ɗaya, domin yaron da bai gane cewa 34 ƙulli uku ne da tsinke huɗu ba, zai yi ta wahala da tarawa da ɗebewa har CM2. Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da mu, wanda na sha gani a cikin aji. A kasuwa muna ƙidaya kuɗi da dala, lakwal kuwa da faran take ƙidayawa. Yaron da kike aika sayen magi ya san dala ashirin sarai, ya san canjin da zai karɓo idan ya ba da dala ɗari, amma idan malam ya rubuta 100 F a allo sai ya ɗauka dala ɗari ce, alhali dala ashirin ce. Ki ɗauko kuɗin ƙarfe ki ajiye a gabansa, ki ce ya karanta lambar da ke jiki, sannan ya faɗi sunanta na kasuwa: 25 dala biyar, 50 dala goma, 100 dala ashirin, takardar 1000 kuma jika. Da ya gane cewa kowace dala faran biyar ce, kin koya masa ninkawa da biyar ba tare da alli ba, kuma kin haɗa masa lissafin da ya riga ya iya da wanda ake nema a takarda.

Sai maganar yayarsa da ke rubuta masa. Na san tausayi ne ya kawo haka, amma ina roƙonki a daina daga yau. Aikin gida saƙo ne da ke komawa ga malami, yana gaya masa wanda ya gane da wanda bai gane ba. Idan kaye ya koma cike da amsoshi daidai, malam zai ɗauka yaron ya iya, ya wuce gaba, giɓin ya ƙara faɗi, sai ranar jarrabawar wata uku gaskiya ta fito, a ce yaro ya faɗi ba a san dalili ba. Shi kansa yaron yana koyon wani darasi marar kyau, cewa idan ya yi kuka ya daɗe wani zai sauke masa nauyi. Abin da ya dace shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa na rabin awa, abin da ya gagara a bar shi fili, yayar ta sa ɗan alama da fensir a gefe, gobe ya kai haka. Taimakon da aka yarda ta yi shi ne ta karanta masa umarnin, ta fassara masa, ta yi masa misali ɗaya da wasu lambobi daban a kan ɗan allonsa, sannan ta janye hannunta.

Wannan ba zai yiwu ba sai kin sami malamin kun fahimci juna, don kada yaron ya sha duka a kan aikin da bai cika ba. Kada ki jira ranar da aka kira ki. Ki je da kanki lokacin tashi, ki gaishe shi da mutunci, ki yi masa godiya, sannan ki gaya masa gaskiya: "Malam, yaron nan yana kai dare a kan aiki, kuma yayarsa ce take yi masa. Na hana. Daga yanzu abin da ka gani a kayensa shi ya yi, abin da ka ga babu ya gagare shi ne." Ki tambaye shi abu biyu: minti nawa yake ganin aikin ya kamata ya ɗauka, kuma wane abu ɗaya ne yake so a fi mayar da hankali a kansa a gida cikin wannan wata. Mafi yawan malamai suna jin daɗin irin wannan ziyara, domin abin da suka saba gani shi ne iyayen da ba sa zuwa sai da faɗa. Da Hausa za ku yi magana, kuma babu wata doka da ta ce sai mai jin Faransanci ne zai taka ƙofar makaranta. Idan kin ga bai saurare ki ba, ki nemi daraktan makarantar cikin lalama.

Game da lokaci, kuskuren da ya fi yawa shi ne barin aikin sai bayan an ci tuwon dare. A lokacin yaro ya yi lakwal, ya yi Islamiyya, ya yi wasa, cikinsa ya cika, ido ya yi nauyi, ga shi wuta tana iya ɗaukewa a koma ga hasken tocila. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, wanda zai tashi da asuba kuwa ya kamata ƙarfe tara ta same shi a kwance. Ki duba tsarin gidanki ki zaɓi lokaci ɗaya da ba ya canzawa, wanda ya fi kyau shi ne da sauran hasken rana, ko tsakanin magariba da isha'i idan Islamiyya ta cinye yamma. Wasu yaran sun fi ganewa da sassafe bayan sallah, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke hana kowa sukuni. Tabarma ɗaya a wuri ɗaya ta isa, da fitila mai cajin rana idan da hali, a kashe talabijin, a ajiye waya, kuma kada a aike shi ko'ina har ya gama. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi wuya a gidajenmu, inda duk babban da ya ga yaro zaune sai ya tuna da aike. Ki sanar da mutanen gidan cewa wannan rabin awa ta karatu ce. Kada kuma a zaunar da shi da yunwa.

Ƴarki ta CM2 ita nake jin tsoron a manta da ita, domin ba ta kuka. Tana shekarar da za ta yi jarrabawar ƙarshen firamare ta shiga kolej, tana da nata aikin na kusan awa guda: haddace darussan tarihi da labarin ƙasa da kimiyya, sarrafa aikatau, shifta, da matsalolin lissafi. Idan ita ce mai wanke-wanke da ɗebo ruwa da raino, sannan ita ce malamar ƙanenta, to nata karatun sai ta gama na kowa, lokacin da barci ya riga ya ci ƙarfinta. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare ƴa mace da tallafa mata ta ci gaba da karatu, amma doka ba ta shiga tsakar gida ta raba aiki, uwa ce ke rabawa. Ki ƙayyade taimakon da take yi wa ƙanen ga minti 15, ki sa shi ma ya ɗauki rabonsa na shara da aike, kuma idan tana talla, a ɗauke mata ita a wannan shekara ko a mayar da ita ranakun da babu makaranta. Wajen hadda, ki riƙe mata kaye ko da ba ki karantawa, ta rufe ido ta kawo darasin, sannan ta bayyana miki shi da Hausa kamar ita ce malama. Wanda ya iya koyar da abu ya riƙe shi. Ta kuma riƙa komawa kan darussan makonnin baya kaɗan-kaɗan, domin abin da aka maimaita a ranaku daban-daban ya fi zama a kan abin da aka cusa a daren jarrabawa.

Duka da zagi a kan aikin gida ba na goyon bayansu ko kaɗan, daga malami ne ko daga iyaye. Yaron da ke tsoro hankalinsa yana kan bulala, ba ya kan shafi, kuma abin da yake koya shi ne ɓoye kaye, ko cewa ba a ba su aiki ba, ko kwafa daga aboki a bakin ƙofar makaranta. Kalmomi irin su "daƙiƙi" da "ba ka da kai" suna zama a zuciyar yaro har ya yarda da su ya daina ƙoƙari. Idan za ki yaba, ki yabi abin da ya yi: "Jiya ka tsaya sau da yawa a wannan layi, yau ka wuce shi sumul."

Batun ɗaukar malamin gida, ba na hanawa, amma ba shi ne matakin farko ba. Da yawa daga cikin masu wannan aiki abin da suke yi shi ne su zauna su warware aikin ranar, yaro ya kwafa, wato abin da yayarsa ke yi a kyauta shi za ki koma biya da kuɗi. Idan kin yi gwajin da na faɗa kin ga yaron bai iya haɗa haruffa ba, to mai koyarwa yana da amfani, da sharaɗin ki gaya masa a fili cewa karatu kike so ya koya masa daga inda yake, ba manhajar CE1 ba, sau biyu ko uku a mako, na ɗan lokaci, kuma duk ƙarshen wata ki sa a sake ƙidaya kalmomin minti ɗaya ki ga ko sun ƙaru. Na fi son kada ya zama malamin ajinsa ne, domin hakan yana jawo zargi tsakanin iyaye, yana kuma sa malami cikin matsayin da bai dace ba. Kafin ki kashe kuɗi, ki tambaya ko makarantar tana da darussan cike giɓi. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa da ake kira CGDES, da ƙungiyar iyayen yara, da ta iyaye mata masu tarbiyya. A 2004 hukumar haɗin gwiwa ta ƙasar Japan, JICA, ta fara aiki da waɗannan kwamitoci a Nijar, kuma daga cikin abin da aka gwada akwai tara yara bayan an tashi, a kasa su gwargwadon abin da kowa ya iya ba gwargwadon ajinsa ba, malamai da masu sa kai na unguwa su riƙa bi da su. Idan babu irin wannan a makarantarku, ki kawo maganar a taron iyaye, za ki tarar ba ke kaɗai ke da wannan damuwa ba.

Mai gida kuma, duk da daren da yake yi, a roƙe shi ya riƙa buɗe kayen yaran ko sau ɗaya a mako, ranar Juma'a ko Lahadi, ya ga jan bik ɗin malam, ya tambayi kowanne abin da ya koya. Ɗan kasuwa yana da abin da babu a littafi: ya ba ƴar CM2 lissafin gaske, kuɗin buhu kaza, kuɗin mota kaza, an sayar kaza, nawa ne riba, irin tambayoyin da za ta tarar a jarrabawa ke nan.

Idan kin bi wannan tsari na wata biyu ko uku ba ki ga motsi ba, a duba lafiyar yaron. Ki lura ko yana kai littafi dab da fuskarsa, ko yana runtse ido idan yana kallon nesa, ko sai an maimaita masa magana, ko kunnensa ya taɓa yin ruwa. Yaron da ba ya ganin allo daga bayan aji, ko ba ya jin malam sosai, sau da yawa ana ɗaukarsa marar ƙoƙari, alhali matso da shi layin gaba ko tabarau ne maganin. Zazzaɓin cizon sauro da ke yawaita daga damina zuwa kaka, daidai lokacin komawa makaranta, yana sa yaro ya rasa makonnin farko da ake aza harsashi, ƙarancin jini kuma yana kawo kasala da rashin natsuwa. Ki kai shi asibiti a gwada idonsa da kunnensa da jininsa, ki kai wa malam sakamakon, sannan ku zauna da darakta ku yanke ko za a sa shi cikin rukunin masu cike giɓi kafin ƙarshen shekara.